Kafin Nono Ya Iso

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na kai mahaifiyata wani babban birni domin a yi mata aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata ɗaya, ta kuma fara leƙa ɗayan. Amma ba labarin idon zan ba ku ba, labarin hannunta ne. Sai dai dole in ɗan koma baya kafin ku gane inda na dosa.

Mu mutanen Fakku ne, a ƙasar Kebbe. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ya bar ta da ni da ƙanena. Ni aka tura makaranta Tambuwal, shi kuma ya riƙe gona. Rabon ya yi daidai, domin shi Allah ya ba ƙarfi, ni kuwa surutu aka ba ni. In ya kama hauya sai ka tausaya wa ciyawa. Kuma shi ne na hannun daman mahaifiyata, ko da yake kunya ba ta barin ta nuna.

Wata damina, lokacin maimai, wato noma na biyu, ta kai masa fura gona da rana. Tana hanyar komawa hadari ya taso daga gabas, ta fake a bukkar maƙwabcin gonarmu. Shi kuma ƙanena ya tsaya gindin wata doguwar bishiya da ke tsakiyar gonar, hauyarsa a kafaɗa. Tana hangen sa lokacin da tsawa ta faɗo, wadda mu can muke kira tarnatsa.

A wajenmu akwai abin da kowa ya tashi ya tarar ana faɗa: wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nonon shanu. Wai wutar tana nan kwance a jikinsa, nono ne ke kashe ta, in aka riga nono taɓa shi an gama da shi. Ban san wanda ya fara faɗa ba, kuma ban taɓa jin wani ya tambaya ba. Saboda haka da mazan gonakin kusa suka rugo, sai suka yi masa zobe suka tsaya, aka tura mai gudu rugar Fulanin da suka sauka bayan gari. Mahaifiyata ta iso ana ta ce mata, "Kar ki taɓa shi! Dakata a kawo nono!" Ba ta ma ji su ba. Ta ratsa su, ta zauna cikin taɓo, ta ɗora kansa a cinyarta, tana share masa fuska da gefen zanenta tana kiran sa. Kafin wata Bafulatana ta iso da ƙwaryar nono, rai ya yi halinsa.

Ina Tambuwal aka aiko mini. Na iso an riga an kai shi.

A zaman makoki ne wata goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta yi maganar. Wallahi ba da mugunta ta yi ta ba, ita ma kuka take yi. Cewa ta yi, "Da dai ta yi haƙuri nonon nan ya iso, halan da yaron ga ya tashi." Ta faɗa a hankali, ga matar da ke kusa da ita. Mahaifiyata tana bayansu, ta ji.

Daga ranar ta daina taɓa ɗan kowa. Tana girki, tana sussuka, tana gaisawa da mata, amma jariri ko marar lafiya ba ta kai musu hannu. Matar da a da in an haihu a unguwa ita ake fara kira ta yi wa jariri wanka, sai ta koma mai leƙawa daga bakin ƙofa ta yi barka ta juya. Malamin garinmu ya yi mata nasiha cewa ajali ba ya jiran nono, ba ya kuma jiran hannu. Ta ce haka ne, Allah ya sa mu cika da imani. Bakinta ya yarda, amma hannun yana cikin mayafi.

Ni ma na gwada tawa. A lokacin na zama malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Tambuwal, ina ji da kaina ƙwarai. Na zauna na yi mata dogon bayani, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kana wurin?" Na ce a'a. Ta ce, "To ni ina wurin. Da ɗuminai nis same shi, bisa cinyata yas sanyaya. Littafinka bai riƙe shi ba, ni nir riƙe shi." Ban sake tayar da maganar ba.

Abin bai dame ni sosai ba sai da na yi aure, na ɗauko ta ta dawo wurina Tambuwal, matata ta haifi namiji, na sa masa sunan ƙanena. Na yi zaton wannan zai karya abin. Ranar suna matata ta miƙa mata shi, ta ja da baya ta ce, "Aje shi nan bisa tabarma, ina ganinai." Wasan kaka da jika kuwa ba ta fasa ba. Daga nesa za ta ce, "Wanga miji nawa, ko zangarniyar gero bai kawo ba, sai kuka." In ya yi dariya ta yi dariya. In ya rarrafo wajenta sai ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Matata ta ɗauka ƙin ta ake yi, ta sha kuka a ɗaki kafin in gaya mata dalili. Ni kuma abin yana ci mini rai, domin na ga yaron ya fara gane cewa akwai mutum ɗaya a gidan da ba a zuwa wurinta.

Ana cikin haka maganar ido ta taso.

A birnin mun sauka gidan wani abokina ɗan Dogon Daji, wanda muka yi makaranta tare, yana aiki a can. Aka yi aiki lafiya, aka cire bandeji, likita ya ce mu ɗan ƙara kwanaki ya sake dubawa kafin mu kama hanya. Zaman ya ishe ta. Ba gona, ba maƙwabta, sai bango da fanka. Ran nan da safe abokina ya ce, "Inna, idon da anka gyara ai sai a ba shi abin kallo. Akwai wani gida nan da aka aje kayan kimiyya, mu tafi ki gani." Ta ce, "Ni da tsufana za a kai gidan kallo?" Ya ce ai ba rawa ake yi ba, ilimi ne, kuma ɗanta ne zai fi amfana tunda abin da yake koyarwa ke nan. Da ta ji don ni ne, sai ta ɗauki mayafinta.

Gaskiyar abokina, ni na fi ta zama baƙauye a wurin. Shekara da shekaru ina zana abubuwan nan a allo, ina kwafowa daga littafi, ina dukan tebur ina cewa yara su gane, ashe ni kaina ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Ga wata kujera da za ka zauna ka ja igiya ka ɗaga kanka sama. Ga wasu faranta manya guda biyu, ka yi raɗa a ɗaya, na can nesa ya ji ka a ɗayan. Na zauna a kujerar nan na ja igiya har hulata ta faɗi, 'yan makarantar da aka kawo suna layi a bayana suna jiran wannan babban mutum ya gama. Mahaifiyata ta dube ni da sabon idonta ta ce, "Malam, sauko hakanan, ɗiyan mutane na jira."

Tun a ƙofa an gaya mana cewa a gidan komai taɓawa ake yi, ba a hana kowa. Ita kuwa ta naɗe hannuwanta cikin mayafi tana bin mu a baya. Takan tsaya ta duba abu da kyau, ta ce ikon Allah, ta wuce.

Can ciki muka shiga wani ɗaki mai ɗan duhu. Ban san abin da ke ciki ba, da na sani da ban bari mun shiga ba. Muna sa ƙafa na ji wani ƙara, tas! tare da walƙiya shuɗiya. Kunya ba za ta hana ni faɗa ba, sai da na yi tsalle na koma bayan abokina. Da na duba sai na ga wani akwatin gilashi a kan tebur. A ciki an yi ɗan ƙauye: 'yan ɗakuna, da bishiya, da ɗan mutum-mutumi na ƙarfe wanda bai wuce tsawon yatsa ba. A sama an rataye wata ƙwallon ƙarfe a matsayin hadari. A gefe akwai mariƙi kamar na injin taliya, in aka yi ta juya shi sai wuta ta taru a ƙwallon, ta faɗo kan abin da ya fi tsawo a ƙauyen. Tsawa ce ƙarama, an kawo ta cikin ɗaki.

Na ce, "Inna, mu je gaba, nan ba wani abu." Ba ta motsa ba.

Mai kula da wurin wata matashiya ce mai hijabi, Hausarta irin ta rediyo. Ta buɗe ƙofar akwatin ta tsayar da ɗan mutumin a fili shi kaɗai, ta rufe, ta ce wa wata ɗaliba ta juya. Yarinyar ta juya, ta juya, sai tas! wutar ta sauka a kansa. Nan take matashiyar ta buɗe ta kai hannu za ta ɗauke shi.

"Kar ki taɓa shi!"

Muryar mahaifiyata ce. Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga murya haka a cikin mutane ba. Kowa ya juyo. Matashiyar ta tsaya da hannu a sama, ta ce, "Mama, lafiya?" Mahaifiyata ta ce, "Ba ku zuba mai nono?"

Wasu daga cikin ɗaliban suka ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, ba don kunya ba, don na san daga inda tambayar ta fito. Allah ya saka wa matashiyar nan da alheri duk inda take, ba ta yi ko murmushi ba. Ta dubi yaran sau ɗaya suka yi shiru, ta ce wa malaminsu su wuce ɗaki na gaba za ta same su. Sannan ta ce, "Mama, a garinmu ma haka ake cewa. Matso ki gani." Ta ɗauki ɗan mutumin da yatsu biyu, ta ɗora a tafin hannunta, ta juya hannun ta nuna mata. Ta ce wutar ba ta zama. Wucewa take yi ta shige ƙasa, kafin mutum ya ƙifta ido ta tafi, ba abin da take bari a baya da za a kashe.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon tafin hannun nan. Sai ta ce, "Mai da shi. Ni ka juyawa."

Ta fito da hannunta daga mayafi ta kama mariƙin. Hannun da ya saba da dutsen niƙa ne, ba ta sha wuya ba. Tas! Ta ɗan razana amma ba ta ja baya ba. Matashiyar ta buɗe ƙofar ta koma gefe. Mahaifiyata ta miƙa hannu wajen ɗan mutumin. Ta yi bisimilla ta taɓa shi da kan yatsa, ta janye da sauri, ta duba yatsan. Ta sake taɓawa. Sannan ta ce a rufe, ta sake juyawa, ta sake taɓawa. Ban ƙirga sau nawa ta yi ba. Mutane suka taru a bayanmu suna jira, abokina ya riƙa ba su haƙuri yana nuna musu wani wajen.

A ƙarshe ta ɗauke shi gaba ɗaya ta rufe a tafin hannunta. Ta ce, "Ɗiyata, wanga ƙarfe na. Mutum fa?"

Matashiyar ta ce, "Mutum ma haka ne, Mama. Jikinsa ba ya riƙe ta. Likitoci ma cewa suke yi a ruga a kai masa agaji nan take, kada a jira komai."

"In uwa tat taɓa ɗanta kafin a kawo nono, ba ita tak kashe shi ba?"

Sai a lokacin matashiyar ta gane. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Wallahi Mama ba ita ba ce. Abin da tsawa za ta yi, ta gama yin sa tun lokacin da ta sauka. Wani lokaci zuciya ce take tsayawa, in akwai wanda ya iya danna ƙirji a kusa, Allah yakan sa a dace, wani lokacin kuma ko likita ne a wurin ba yadda zai yi." Mahaifiyata ta ce, "Ni ban iya dannawa ba. Rungume shi kawai niy yi." Ta ce, "To ba ki rage masa komai ba. Duk cikin waɗanda ke wurin, ke ce kika yi daidai."

Ban taɓa ganin kukan mahaifiyata ba, ko a makokin ƙanena a ɗaki ta yi abinta. Ran nan ta zauna a ƙasa, a tsakiyar gidan kallon mutane, ta jingina da ƙafar tebur, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Na tuna likita ya ce a kiyaye idon, na buɗe baki zan yi magana, abokina ya riƙe mini hannu ya girgiza kai. Matashiyar ta durƙusa kusa da ita. Da mahaifiyata ta nitsa, ta buɗe hannu ta miƙa mata ɗan mutumin, ta ce, "Ungo, Allah shi yi maki albarka. Allah shi ba ki masu jin ƙanki."

Har muka koma Tambuwal bayan likita ya sallame mu ba ta tayar da zancen ba. Ni ma na kama bakina, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. A raina ina tsoron kada abin ya tsaya a can ɗakin, kamar yadda nasihar malam ta tsaya a kunne.

Mun isa gida da la'asar. Matata ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, maƙwabta suka fara shigowa sannu da zuwa da duba ido. Yaron yana tsakar gida yana rarrafe. Ya taho har bakin tabarmar ya tsaya, kamar yadda ya saba, yana kallon ta. Ta ajiye kofin ruwan. Ta goge hannuwanta a zane, ta sake gogewa. Sannan ta ce wa matata, "Miƙo mani shi."

Matata ta dube ni don ta tabbatar ta ji daidai. Ta ɗauke shi ta ɗora mata a cinya. Yaron ya ƙura mata ido, bai san wannan cinyar ba, ya fara taɓe baki. Ta dafa kansa, ta shafa bayansa, ta kama ƙafarsa ta duba tafin kamar yadda take yi wa jarirai a da. Ta ce, "Ashe haka kake da nauyi. Na makara, mijina, na makara." Matata ta shige ɗaki da sauri, ni kuma na ce zan je in duba ko an sauke kayanmu duka, alhali jaka ɗaya ce kuma tana hannuna.

Washegari da safe ita ta yi masa wanka.

Na so in je Fakku in sami goggon nan in gaya mata abin da kalmarta ta jawo. Mahaifiyata ta hana ni. Ta ce, "Abin da taj ji shi tac ce. Ni ma da ɗan wata na, hakanan zan ce." Amma duk lokacin da ta je garin da damina, takan gaya wa mata a gidan suna ko a bakin rijiya cewa in tarnatsa ta faɗa wa wani a ruga a ɗauke shi, ita ta gani da idonta, ta kuma taɓa da hannunta. Wasu sun yarda, wasu sun ce birni ya juya mata kai. Ba ta damu ba.

Yau ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan ƙanena da dukkan namu da suka riga mu. In na tuna abin nan, ba na jin daɗi zalla. Ina jin ciwon shekarun da ta yi tana zargin hannunta a kan abin da bai yi ba, da jariran unguwa da suka wuce ba ta ɗauka ba. Ina kuma tuna cewa duk abin da matashiyar nan ta gaya mata, na riga na gaya mata shi da tsinke a ƙasa. Ban yi ƙarya ba, amma da hannu abin ya shige ta, ba ta kunne zai fita ba. Tun daga lokacin na rage dukan tebur a aji. In zan koyar da abu, ko da gwangwani da zare ne, sai na kawo yara sun taɓa.

Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo. Bai san an taɓa yin lokacin da kakarsa ke tashi in ya matso ba, kuma ban gaya masa ba sai kwanan nan. Da na gama sai ya ce shi abin da ya fi tunawa da ita, in ta kama hannun mutum ba ta san ta saki ba.